Yadda Ake Tarar Sanƙo Tun Bai Ci Rabin Kai Ba

Sau da yawa mai aski ne ke fara gani. Yana tsaye a bayan mutum da inji a hannu, sai ya ɗan dakata ya ce, "Alhaji, tsakiyar nan fa ta fara haske." Alhaji ya yi dariya, ya ce ai sanƙon kuɗi ne, ya mayar da hularsa. Amma daga ranar hannunsa ba ya barin tsakar kansa, kuma ba a jimawa za a gan shi gaban mai tallar magani a bakin tasha, ana nuna masa kwalba mai hoton wani Bature da gashi har kafaɗa.

Kwalbar nan ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a nema. Zubewar gashi iri-iri ce, maganin wani irin ba ya taɓa wani, kuma duk watan da aka ɓata ana shafe-shafen abin da ba shi ne ba, saiwoyin gashi na ƙara mutuwa. Magungunan da aka tabbatar suna aiki, saiwar da ke da sauran rai suke riƙewa.

Matakin farko shi ne a tabbatar akwai matsalar ma tukuna. Kan mutum na ɗauke da gashi kimanin 100,000. Kowane sili kan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, wajen santimita 1 a wata, sannan ya huta kamar wata 3 ya faɗi, sabo ya fito ta ramin da ya bari. Don haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Matar da ta tsefe kitson da ya yi sati uku ta ga curin gashi a mataji, kada hankalinta ya tashi, wanda ya tsinke tun kwanaki ne kitson ya riƙe. Ido da madubi ba abin dogaro ba ne a nan, domin mai ganin kansa kullum ba ya lura da abin da ke tafiya a hankali. A sa wani ya ɗauki hoto da waya: goshi, gefe biyu, da tsakar ka daga sama, a wuri ɗaya da haske ɗaya, bayan aski iri ɗaya. A maimaita duk bayan wata 3.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne gane irin zubewar.

Sanƙon maza yana da hanyar da yake bi. Yakan fara cin kusurwoyin goshi biyu, ko ya buɗe fili a tsakar ka, daga baya biyun su haɗe, a bar gashin ƙeya da na saman kunne yadda suke. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, ba ya ƙurji. In aka duba da kyau a bakin inda ya ci, za a ga gashin bai gama ɓacewa ba, ya dai sirance ya gajarce, ya koma kamar na jariri. Dalili kuwa wani sinadari ne da ake kira DHT, wanda jiki ke sarrafawa daga testosteron, sinadarin mazakuta. Ga wanda ya gaji abin, DHT na sa saiwar gashin saman kai ta riƙa ƙanƙancewa zagaye bayan zagaye, kamar gonar da ta gaji, kowace damina zangarniya na ƙara sirancewa, har wata shekara a rasa abin yanka.

Wani masani ɗan Amurka, James Hamilton, shi ya nuna alaƙar sanƙo da testosteron a 1942. Ya lura cewa mazan da aka yi wa dandaƙa kafin su balaga ba sa yin sanƙo, amma da aka ba wasunsu testosteron, waɗanda ke da sanƙo a danginsu sai gashinsu ya fara zuba. Ke nan sai an haɗa biyu, gado da sinadari. Shi ne kuma ya tsara ma'aunin matakan sanƙo a 1951, O'Tar Norwood ya gyara shi a 1975 ya zama hawa 7 da likitoci ke amfani da su har yau. A tsakanin Turawa kusan rabin maza na da sanƙo in sun kai shekara 50. A baƙar fata bai kai haka yawa ba. Gadon na iya zuwa ta wajen uwa ko ta wajen uba, don haka a duba kawunnai, a duba baffanni.

Hula dai an zalunce ta. Zanna bukar, rawani, hular kwano ta ɗan acaɓa, babu wadda ke kawo sanƙo, domin saiwar gashi daga jini take samun abincinta da iskarta. Haka nan yawan aski ba ya sa gashi kauri, kuma ba ya hana shi zuba.

Akwai kuma zubewar da ke biyo bayan jiki ya sha wuya. Mutum ya yi taifot ko zazzaɓin cizon sauro mai zafi, ko an yi masa tiyata, ko mace ta haihu, sai bayan wata 2 zuwa 3 gashi ya kama zuba ta ko'ina a kai, a matashi, a banɗaki, a mataji. Tazarar nan ce ke ruɗa mutane, don lokacin an manta da ciwon. Maijego takan ga haka jariri na wata 3 ko 4. Wannan irin kan tsaya da kansa, gashi ya dawo cikin wata 6 zuwa shekara. In ya ƙi tsayawa, a binciki ƙarancin jini da kuma ciwon maƙoƙo, domin dukansu suna zubar da gashi.

Idan fili ne zagayayye kamar kwabo, sumul, ya bayyana cikin 'yan kwanaki a kai ko a gemu, to garkuwar jiki ce ta juya kan saiwar gashi. Ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa. Yakan cike da kansa, in kuma ya ƙi, likitan fata na yin allura a wurin. Sai dai kada a haɗa shi da makero, wanda ya fi kama yara 'yan makaranta da almajirai: shi fili ne mai ɓarɓashi da guntayen gashi da suka karye, wani lokaci har da kumburi da mugunya. Makero yana yaɗuwa ta injin aski, aska, mataji da hula. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, domin cutar tana cikin silin gashin. Sai an sha magani irin su girisiyofulbin na sati 6 zuwa 8 bisa umarnin likita. Goga masa tafarnuwa ko ruwan batir, da wasu ke yi, ƙuna kawai yake ƙarawa, ƙunar kuma ta bar tabo.

Ga mata, babban mai laifi kitso ne. Ƙananan kitso da aka ja har fatar goshi ta ɗaga, ƙarin gashin doki mai nauyi, ɗaure gashi tam a ƙeya a ƙarƙashin ɗankwali, duk suna tsige gashin gaba da na saman kunne sannu a hankali. Alamar farko ita ce ƙananan ƙuraje a bakin kitson da ciwon kai a daren da aka yi shi. Kitson da ya hana mace runtsawa, ko ya sa ta shan fanadol, a tsefe shi, komai kyansa da kuɗin da aka biya. In an sassauta da wuri gashin na dawowa. In an yi shekaru ana ja, wurin ya mutu. Akwai wani irin kuma da ya fi kama mata baƙar fata, wanda ke farawa daga tsakar ka yana faɗaɗa, da ɗan zafi ko ƙaiƙayi, yana barin tabo. Shi ba a jira da shi.

Mataki na uku shi ne ganin likitan fata, kuma akwai su a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wanda ya ga zafi, ƙaiƙayi, mugunya, ko fatar da ta yi santsi tana ƙyalli babu ko ramin gashi, ya gaggauta. Mace da gashinta ke sirancewa tare da rikicewar al'ada ko fitowar gashi a haɓa, ita ma haka. A tafi da hotunan nan na waya, da sunayen duk magungunan da ake sha, domin wasu magunguna kansu suna zubar da gashi.

In an tabbatar sanƙon gado ne, mataki na huɗu shi ne magani, kuma guda biyu ne suka daɗe da samun shaidar bincike. Dukansu ba don gashi aka fara yin su ba.

Minoksidil maganin hawan jini ne na kamfanin Upjohn. Masu shan sa suka riƙa fitar da gashi a inda ba su nema ba, sai aka mayar da shi ruwan shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988 da sunan Rogaine. A wasu ƙasashe Regaine ake ce masa. Maza kan yi amfani da mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Ana ɗiga mililita 1 a kan fatar kai busasshiya, a fatar fa, ba a gashin ba, a murza da yatsa, a wanke hannu, sau biyu a rana. Yana buƙatar kamar awa 4 ruwa bai taɓa shi ba, don haka ga mai alwala lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba da bayan isha'i, a bari ya bushe kafin a sa hula ko a kwanta. A makonnin farko zubewar kan ƙaru, kuma a nan ne mutane da yawa ke jefar da kwalbar, alhali tsofaffin silin ne ke ba sababbi wuri. Ba a yanke masa hukunci sai ya yi wata 4 zuwa 6. Wasu yana sa musu ƙaiƙayi da amosani. Irin na kumfa ya fi sauƙi a fata. Mai ciwon zuciya ya tambayi likita tukuna, mai ciki da mai shayarwa su bar shi. Kuma a nisanta shi da kyanwar gida, don guba ne gare ta.

Na biyu finasterid ne, ƙwaya. Labarinsa ya faro daga wani ƙauye a Jamhuriyar Dominikan, inda likita Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoto a 1974 kan wasu mazan da aka haifa jikinsu ba ya iya sarrafa DHT yadda ya kamata. An ga ba sa yin sanƙo, kuma ƙullin mafitsararsu, wato furostet, ba ya girma. Kamfanin Merck ya bi wannan sawu ya fitar da Proscar mai miligiram 5 a 1992 don kumburin furostet, sannan Propecia mai miligiram 1 a 1997 don sanƙo. Ƙwaya ɗaya a rana na rage DHT a jini da kusan kashi 70 cikin 100, kuma a wajen yawancin maza yana tsayar da zubewar, wasu har gashi ya ƙaru, musamman a tsakar ka.

Amma ba maganin da za a saya a kemis a kama sha ba ne. Kaɗan daga masu shan sa kan samu raguwar sha'awa ko raunin mazakuta, kuma hukumomin magunguna a Birtaniya da Turai sun yi gargaɗi kan baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai. Wanda ya ji haka ya daina nan take ya koma wa likita. Yana rage sakamakon gwajin PSA da kusan rabi, don haka mai shan sa ya faɗa kafin a yi masa gwajin furostet. Mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe, domin tana iya illata halittar ɗa namiji.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, duka biyun aikinsu na nan ne muddin ana amfani da su. A daina, cikin shekara guda kai ya koma inda da zai kasance. Mutum ya yi lissafin aljihunsa na shekaru kafin ya fara, kuma a Najeriya ya duba lambar NAFDAC a jikin kwali.

Man kaɗanya, man kwakwa da man zaitun suna laushin gashi, suna rage karyewa a lokacin hunturu, wannan kuwa amfani ne na gaske, musamman ga mata. Sai dai ba sa taɓa DHT. Ƙwayoyin bayotin da ake tallatawa a Instagram ba sa ƙara komai ga wanda ba ya da ƙarancinsa, ƙarancin kuwa ba kasafai ake samu ba; ga shi suna rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na maƙoƙo da na bugun zuciya.

Mataki na biyar, ga mai hali, dashe ne. Likitan Japan Shoji Okuda ya rubuta a kansa tun 1939, sannan Norman Orentreich na Amurka ya nuna a shekarun 1950 cewa gashin ƙeya in an dasa shi a goshi yana riƙe halinsa na ƙin jin DHT. Yau Santambul ta Turkiyya ta zama kasuwar wannan aiki. Dashe ba ya ƙirƙiro sabon gashi, kwaso na baya yake ya kai gaba, kuma abin da ke ƙeya yana da iyaka. Wanda aka dasa kan zube a makonnin farko, ya fara tsirowa bayan wata 3 ko 4, ba a ganin cikakken sakamako sai kusan shekara. Saurayi ɗan shekara 23 da sanƙonsa bai gama nuna iyakarsa ba, gara ya dakata, in ba haka ba ya wayi gari da tsibirin gashi a goshi da fili a bayansa. Baƙin mutum yana da ƙarin tambayoyi biyu ga likitan: ko ya saba da gashi mai lanƙwasa, wanda saiwarsa ma a lanƙwashe take a cikin fata har tana saurin yankewa wajen cirewa, da kuma me zai yi in mutum na da jikin da tabo ke kumbura.

Wanda kuma ya zaɓi ya aske duka ya huta, shi ma akwai ƙa'ida. Ya mallaki injinsa ko ya tabbatar sabuwar reza aka buɗe a gabansa. Kada a riƙa kankare ƙeya har fata, ko a bar wuyan riga mai tauri na gogar ta, domin hakan na tsananta ƙurajen ƙeya masu tauri da ke damun maza baƙar fata, waɗanda in sun haɗe suke zama tabo mai kumburi da gashi ba ya sake fita a kai. In ƙurajen sun fara, a bar gashin wurin ya ɗan taso, a kai wa likitan fata tun suna ƙanana. Kan da babu gashi kuma rana na ƙona shi, ko da na baƙin mutum ne, don haka mai yini a gona ko a kasuwa ya riƙa sa hula ko malafa.