Ruwan Sha a Tamale: Abin da Sama da Ƙasa Suke Yi Mana

Baƙon da ya zo daga Maraɗi ko Katsina yakan yi mamaki idan ya ga mata a layin ruwa a Tamale, domin ruwan saman da ke sauka a nan yakan kai kusan milimita 1,100 a shekara, wato wajen ninki biyu na abin da Maraɗi ke samu. To, ina ruwan yake tafiya?

Da farko, damina ɗaya gare mu, daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, alhali kudancin Ghana biyu suke yi. Ruwan yakan zubo da ƙarfi cikin 'yan watanni, ya kwarara bisa ƙasa ya wuce. Daga Nuwamba hunturu ya shigo da busasshiyar iskarsa, a Maris kuma zafi ya kai maki 40. Iska da rana suna shanye ruwan da ke fili fiye da abin da sama ta zubar a shekara. Shi ya sa tafkin da ya cika maƙil a Satumba yake komawa caɓi kafin ruwan fari.

Babbar matsalar tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Tamale na zaune bisa duwatsun da asalinsu laka ce ta daskare tun zamanin da. Irin wannan dutse ba ya barin ruwa ya ratsa shi, ba ya kuma riƙe shi. A gulbin Maraɗi rairayi ne ke ɓoye ruwa, mai haƙa rijiya ya same shi kusa. A nan kuwa sau da yawa akan haƙa burtsatse mai zurfi a tashi a tutar babu, wani lokaci kuma a samu ruwan amma da zartsi. A wasu garuruwan arewa, kamar Bongo, dutsen yana sakin wani sinadari mai suna fuloraid, wanda yake ɓata haƙoran yara su yi ja. Tafasawa ba ta fitar da shi, don haka kowace sabuwar rijiya a gwada ruwanta kafin a fara sha.

Garin kuma ba shi da babban kogi. Ruwan famfonmu daga kogin Farin Bolta ake jawo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun, sannan ya biyo bututu tafiyar kilomita fiye da talatin. Kogin daga Burkina Faso ya taso, inda ake kiransa Nakambe. Da rani yakan ja baya ƙwarai. A wajen Agusta da Satumba, idan madatsar Bagre ta cika aka buɗe ta, sai ambaliya ta biyo gaɓa, ta shiga masai da rijiyoyi, kamar yadda aka gani a 2007. Ashe yawan ruwa ma yana hana samun na sha.

Mun riga mun ga abin da rashin ruwa ke jawowa. Da ruwan famfo ya yanke a 2006, mutanen Savelugu suka koma shan tafki, kurkunu ya kama ɗaruruwan mutane, galibinsu yara. An ga na ƙarshe a Ghana a 2010, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙasar ta rabu da shi. Amma gudawa da taifod da tsargiya suna nan, kuma a ganina watannin Fabrairu zuwa Afrilu da makonnin farkon damina su ne mafi haɗari.

Idan dole ta sa kun ɗebo ruwan tafki, ku bar shi ya kwanta, ku tace da tsabtataccen ƙyalle. Alif yana kwantar da laka, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma a nan ne iyaye da yawa suke ruɗuwa, su ga ruwa garai-garai su ba jariri. Sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a saka ƙwayar kulorin bisa umarnin da ke jikin takardarta a jira rabin sa'a. Ruwan rufin kwano abin tarawa ne, sai dai a bar na farko ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye. Randa a rufe ta, moɗa ɗaya mai dogon hannu a rataye ta, kada a ajiye a ƙasa.

Masu sayar da koko da waakye a kasuwar Aboabo da babbar kasuwa, ku riƙa tambayar mai kawo muku ruwa inda ya ɗebo, ku kuma canza ruwan wanke kwano da zarar ya yi duhu. Yaron da ya yi zawo sau uku a yini, a fara ba shi haɗin gishiri da sukari na asibiti, a ci gaba da shayar da shi nono. Idan idanunsa suka faɗa, ko ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gidansa, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.