Kwaɗon gobe ba a haɗa shi yau



Aikina kula da abincin yara da mata masu ciki ne. Duk shekara idan kayan lambu suka cika kasuwannin Madawa da Buza, kabeji da karas da albasar Galmi suka yi araha, tambaya ɗaya nake sha: "Malama, zan iya yin kwaɗo mai yawa in ajiye na kwana biyu?" Amsata ita ce ki tanadi kayan, amma kada ki haɗa su sai lokacin ci.

Gishiri yana janye ruwan ganye. Ki barbaɗa shi a yankakken kabeji, ki dawo bayan awa ɗaya: ganyen ya yi laushi, ruwa ya kwanta a gindin kwano, garin ƙuli ya jiƙe ya dunƙule. A irin wannan danshi ƙwayoyin cuta suke hayayyafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba cikin sanyi ba. Mu kuwa zafinmu na Afrilu yakan haura 40.

Don haka ki raba kayan gida uku.

Na farko busassu: garin ƙuli-ƙuli, yaji da gishiri. Ki daka, ki zuba a kwalba mai murfi, zai yi kwanaki lafiya lau. Ƙulin da ya yi fumfuna ko ɗaci a zubar da shi, domin gubarsa tana lalata hanta.

Na biyu masu juriya: kabeji, karas da albasa. Ki bar su ɗungum, ba yanka ba wanki, a inuwa. In da hali, a sa kabeji da karas a tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Mai firji tana iya yanka su ta rufe na kwana biyu, muddin wuta ba ta yawan ɗaukewa.

Na uku masu saurin lalacewa: tumatir, kokwamba, latas, da dafaffen zogale ko rama. Waɗannan na ranar ne kawai.

Haka masu sayar da gado-gado suke raba kayansu a Indunisiya. Shi ma kayan lambu ne da miyar gyaɗa, kuma sai mai saye ya tsaya ake zuba masa miyar.

Wajen wanki kada a yi ha'inci. A wanke hannu da sabulu, a ɓare ganyen kabeji na waje, a wanke sauran da ruwan da za a iya sha. Wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama sai an wanke ta tukuna. Kwalarar 2021 ta shigo jihar Tawa, kuma ta ruwa da ɗanyen abinci marar tsabta take kama mutum.

Lokacin haɗawa ki sa ɗan man gyaɗa, shi ke taimaka wa jiki ya amfana da bitamin A na karas da zogale. Ki matsa lemun tsami, yana ƙara shigar sinadarin ƙarfe na ganye, wanda mai ciki take matuƙar buƙata.

Idan yaro ya kama zawo, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a kai shi asibiti mafi kusa. Allah Ya ba mu lafiya.