Darasi: Yadda Za Mu Kwantar da Jiki Idan Tsoro Ya Taso

 A teburin da muke yin tafinta, bayan maganar abinci da kuɗin haya, kukan da muka fi ji shi ne: barci ya ƙaurace, gaba na faɗuwa, kai na sarawa, an je asibiti an ce babu zazzaɓi. Da yawa cikinmu sun taso daga Djibo, Kaya, Dori ko ƙauyukan kewayensu, inda ƙarar babura ke nufin a gudu. Ga shi Wagadugu gari ne na babura. Shi ya sa jiki ke zabura sau da yawa a yini, ko da babu wanda ya biyo mu.

Ba mu kaɗai ba ne. A watan Maris na 2023 hukumar CONASUR ta ƙidaya mutum fiye da miliyan 2 da suka bar gidajensu a ƙasar nan. Wannan hali ba hauka ba ne, kuma ba ragwanci ba ne.

Me ke faruwa a jiki?

Idan mutum ya tsorata, jiki na sakin wani sinadari mai suna adirenalin. Zuciya ta ƙara bugu, tsoka ta ɗaure, numfashi ya koma gajere a saman ƙirji. Wannan shiri ne na gudu, shi ya taimake mu a hanya. Matsalar ita ce jikin bai san an iso ba. Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Mai fargaba yakan zarce haka, sai jiri da tsukewar ƙirji su biyo baya, su kuma su ƙara masa tsoro. Ba mu iya umartar zuciya ta lafa, amma numfashi yana hannunmu, kuma duk lokacin da muka fitar da iska a hankali bugun zuciya yana raguwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan atisaye cikin shirinta na PM+ na 2016, wanda aka tsara don mutanen da bala'i ya shafa.

Na ɗaya: numfashin ciki

1. Mu zauna a tabarma ko benci, mu saki kafaɗu. Wanda rufe ido ke dawo masa da abin da ya gani, ya bar idonsa a buɗe, ya kalli ƙasa.
2. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya.
3. Mu ja iska ta hanci muna ƙirga ɗaya, biyu, uku. Hannun ciki ne zai ɗaga, na ƙirji ya tsaya.
4. Mu fitar ta baki muna ƙirga uku, kamar mai hura kunu mai zafi. In mun saba, mu kai fitarwar huɗu ko biyar.
5. Mu ci gaba minti biyu zuwa biyar.

Ja uku da fitarwa uku na ba da numfashi 10 a minti. Wanda ya ji jiri, alama ce yana cika iska da yawa: ya dakata, ya sake da sauƙi. Lokacin hunturu a nemi inda ƙura ba ta kai.

Na biyu: ɗaure tsoka a sake ta

Wani likitan Amurka, Edmund Jacobson, ya fito da wannan hanya a shekarun 1920. Mu dunƙule hannu mu ƙirga biyar, mu saki mu ƙirga goma, mu lura da bambancin. Sai kafaɗu, mu ɗaga su zuwa kunne mu saki. Sai fuska, sai ƙafafu. A tsallake duk inda ke da rauni ko kumburi. Ya fi amfani a shimfiɗa kafin barci.

Na uku: dawo da hankali inda muke

Idan tunani ya ja mu zuwa ranar da muka gudu, mu danna tafin ƙafa a ƙasa. Mu ambaci abu biyar da muke gani, kamar buta, randa, ƙofa, sannan sauti uku da muke ji. Mu faɗa wa kanmu ranar yau da sunan unguwar da muke.

Ga yara: a kwantar da yaro rigingine, a ɗora masa ƙaramin ƙoƙo a ciki, ya kalli yadda yake hawa da sauka. Uwa ta yi tare da shi, domin yaro daga fuskar uwarsa yake gane ko akwai lafiya.

A riƙa yi safe da dare, lokacin da hankali ke kwance. Wanda ya bari sai tsoro ya kama shi kafin ya gwada, zai sha wuya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kwanakin farko za a ga kamar banza ne. A daure mako biyu.

Yaushe za a nemi taimako?

Numfashi ba ya biyan haya, kuma ba ya maye gurbin magani. A je CSPS mafi kusa ba da jinkiri ba idan akwai ciwon ƙirji mai tsanani, sarƙewar numfashi, ko suma. Mai asma da mai juna biyu su fara tambayar ma'aikacin lafiya. Wanda ya shafe makonni ba barci, ko ya kasa kula da 'ya'yansa, ko tunanin kashe kansa ke zo masa, ya faɗa wa wanda ya yarda da shi a yau, a raka shi asibiti. Asibitin Yalgado Ouédraogo na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan ana cutar da yaro, a kira 116, kyauta ne.

Ƙofar jami'in kariya a buɗe take, za mu fassara muku da Hausa, kuma abin da kuka faɗa sirri ne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan darasi, ku gwada na ɗaya tare a daren yau.