Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Jinya Kama Kuskure Tun Kafin Su Taɓa Majinyaci

Idan jijjiga ta kama mai ciki a Gafasa, kafin a samo mota a kai ta Babban Asibitin Gaya lokaci ya riga ya ja. Ma'aikaciyar jinyar da za ta tarbe ta ba ta da sararin yin kuskure. Shi ya sa makarantun jinya suka fi son ɗaliba ta yi kuskurenta a kan mutum-mutumin roba. Dabarar ta daɗe: tun 1911 wani asibiti a Hartford ta Amurka ya fara koyarwa da 'yar tsana mai girman mutum.

Malama ce ke fara shiga ɗakin gwaji ita kaɗai. Sai ta kwantar da mutum-mutumin a gado a matsayin mai jijjiga, ta dasa kurakurai da gangan. Sunan da ke katin gado daban, na takardar magani daban. Jakar fitsari kusan wayam. A takardar lura kuma ta rubuta numfashi 12 a minti.

Sannan a shigo da ɗaliba. Wata kuma ta fito a matsayin babbar Sista, tana cewa, "Yi maza ki yi mata allurar, lokaci ya yi."

Nan gizo ke saƙar. Bayan allurar farko, ana yi wa mai jijjiga magnesium sulphate giram 5 duk awa 4, amma sai an tabbatar numfashi ya kai 16 a minti, ƙafa na harbawa in an ƙwanƙwasa gwiwa, fitsari kuma ya kai mililita 30 a awa. In ɗaya ya gaza, a dakata, a kira likita, makarin maganin, wato calcium gluconate, na kusa.

Sau da yawa ɗaliba ta ga matsalar, kunya ce ke ɗaure mata baki. Yarinyar da aka rena kan kada ta musa wa babba, sai an sa ta maimaita har bakinta ya saba: "Sista, don Allah a dakata, numfashinta 12 ne."

Daga nan a zauna bita, ba faɗa ba tsawa. Malama ta tambaya, "Me kika gani? Me ya hana ki magana?" Sai a sauya kurakuran a sake, domin a jarrabawar aiki ta Majalisar Jinya da Ungozoma ta Najeriya ma haka ɗaliba za ta bi tasha-tasha, mai jarrabawa na tsaye da takardar maki.