Darasin wannan mako: hawan tsani a wurin aiki

'Yan'uwa mazauna Tarikom, damina ta ƙarato, kuma iskar farkon ruwa ce ke yaye rufin kwano a wannan yanki. Aikin gyara zai yi yawa, nan gida da can Yendi, Salaga da Makango inda matasanmu ke zuwa ci-rani. Shi ya sa muka ware darasin nan ga tsani.

Sau da yawa faɗuwa daga kafa tsanin take farawa. Idan wurin da ya jingina ya kai tsawon mita 4, gindinsa ya nisanci bango da mita 1. In ya matsu da bango zai kife da mutum ta baya, in ya yi nisa gindin zai zame. Kansa ya zarce bakin rufi da kamar mita 1 don a sami abin kamawa wajen sauka. Kada a ɗora shi kan bulo ko durom don ƙarin tsawo. Ƙasa mai laima, irin ta bakin tafkin Volta a Makango, tana nutsar da ƙafa ɗaya ta bar ɗaya, sai a shimfiɗa katako mai faɗi, wani kuma ya riƙe.

Tsanin katako da aka haɗa da ƙusa shi muka fi jin tsoro, don gara na cinsa ta ciki, waje kuwa lafiya lau. A taka kowane mataki a gwada tun yana kwance. Wajen hawa a fuskanci tsani, hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, su kasance a kai. A jawo kwano da guduma da igiya. Silifa ba takalmin hawa ba ne. Tsanin ƙarfe kuma kada ya kusanci wayar lantarki.

In mutum ya faɗo, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ɗora shi kan babur, musamman in yana kukan wuya ko baya, ko ƙafafunsa sun mutu. A tallafe kansa yadda yake, a kira 112. Wanda kansa ya bugu ya miƙe yana cewa ba komai, shi ma a kai shi asibiti. Amai, barci mai nauyi ko ruɗewa bayan sa'o'i na iya nuna jini na zuba a cikin kai. Mai ɗori ba ya ganin wannan.

Dokar Gana ta diyyar ma'aikata ta 1987 ta ɗora wa mai aiki kuɗin magani da diyya, amma sai an kai ƙorafi cikin wata 6. A rubuta ranar, wurin, da sunayen shaidu, a adana takardun asibiti, a kawo su ofishin jami'ar kariya. Akwai tafinta.