Wanda Ya Sha Jinya Shi Ya San Zafin Ciwo

Ranar 31 ga Yuli Ikkilisiya take tunawa da Waliyyi Ignatius na Loyola. Ya yi hidima a fada, ya yi aikin soja, har harsashin igwa ya karya masa ƙafa a yaƙin Pamplona a 1521. A gadon jinya ya karanta labarin Yesu da na waliyyai, ya tuba. A Manresa kuwa, damuwa kan tsofaffin zunubansa ta kai shi ga tunanin hallaka kansa, amma Allah ya cece shi. Daga wannan gwaji ya rubuta littafinsa na horon ruhaniya, ya zama mashawarcin masu nauyin zuciya.

A Birnin Kudu da Gwaram ma akwai irinsa: gwauruwar da ta haɗiye baƙin ciki, magidancin da ya rabu da giya. Kada ku raina abin da kuka sha, gama da ta'aziyyar da kuka samu za ku ta'azantar da wasu (2 Korintiyawa 1:4). Ku saurara da haƙuri, ku riƙe asiri. In ciwon ya fi ƙarfinku, ku raka mai shi asibiti. Waliyyi Ignatius, ka yi addu'a dominmu.