Darasi: Kaurin Bangon Ɗakin Sanyi da Kuɗin Mai

A ƙasar Holan, masu noman tumatir a ɗakunan gilashi kan ja labule ƙarƙashin rufi da dare domin kada ɗumi ya fita, ta haka suke rage kuɗin gas. Su kuwa 'yan gwarin da ke sauke kaya a kasuwannin Gariki ta Inugu, da Ose ta Anacha, da Fruit Garden ta Fatakwal, zafi suke so su hana shiga. Amma lissafin ɗaya ne.

Duk zafin da ya ratsa bangon ɗakin sanyi, inji ne zai fitar da shi, kuma da mai ko lantarki ake biya. In aka ninka kaurin soson bango, zafin da ke ratsa shi yakan ragu da kusan rabi. Soso sau ɗaya ake saya, mai kuwa kullum ne, ga shi fetur ya yi tsada tun janye tallafi a ƙarshen watan Mayun 2023.

Saboda haka, kafin ƙungiyar 'yan kasuwa ta sayi babban janareta, ya kamata ta fara duba kaurin bango da robar ƙofa, ta kuma taƙaita buɗe ƙofar. Rigakafi ya fi magani.